Adaka Ko Mai Baki Biyu? Cinikin Tsofaffin Bindigogi A Ƙasar Gumel

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san ba ƙaramar kasuwa ba ce. Tun ran Laraba da la'asar za ka hangi ƙura ta tashi wajen arewa, Buzaye da Fulani na koro raƙuma da shanu da tumaki daga ƙasar Damagaram, ga manyan motoci sun yi jerin gwano suna jiran lodi zuwa Ikko da Fatakwal. In wuƙa ka ke so akwai ta, in takobi ne ko gatari ko kube na jar fata, sai ka zaɓa ka darje. Abu guda ne za ka kewaye kasuwan nan tun hantsi har almuru ba ka ga rumfarsa ba, shi ne bindiga. Amma fa ba a fasa cinikinta ba. A zaure a ke yinsa, ko a gindin tsamiya bayan gari, ko kuwa ranar rabon gado.

Da zarar an ɗaure gero an kai rumbu, ciyawa ta bushe, sai zancen farauta ya taso tun daga Gagarawa har Sule Tankarkar, tsohuwar gardama kuma ta biyo bayansa. Dattawan maharba su ce da tsohuwar zuma a ke magani, babu kamar adaka, bindigar toka wadda maƙerin gari ya ƙera. Samari su ce wannan kayan tarihi ne, a ba su ta Turai mai baki biyu ko da ta sha hannu goma. Da a ce hira ce kurum da ba mu ɓata takarda a kanta ba. To, amma gardaman nan ta ci yatsun mutane, ta kai waɗansu gidan yari, ta kuma ci rayuka. Tun da ya ke kuwa malaman makaranta da akawuna su ne a kan zo wa da takarda a ce, “Malam, duba mini wannan,” su ne kuma galibi masu ɗan albashin da za a yi wa tallar bindiga ta hannu, ya kamata su san kan al'amarin.

YADDA TA ZO MANA

Sunanta ma baƙo ne. Bindiga daga Larabci ta fito, bunduƙiyya; albarushi daga barud; harsashi kuwa daga rasas, watau darma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ta hamada ta fara shigo mana, ta hanyar Tarabulus da Masar. A ƙarni na 16 Mai Idris Alauma na Barno ya samo Turkawa 'yan bindiga suka koya wa bayinsa harbi, limaminsa Ahmadu ɗan Fartuwa ya rubuta labarin. Littafin Tarihin Kano kuma ya ambata an kawo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari (1731 zuwa 1743), Babba Zaki kuwa (1768 zuwa 1776) shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron lafiyarsa. Ashe hanya biyu ce ke nan, ta arewa da ta kudu. Ta kudun ita ta kawo doguwar nan mai ƙanƙara wadda Ingilishi su ke kira da sunan mutanen Danmak, domin su na cikin masu sayar da ita a gaɓar teku wajen Ankara, ko da ya ke galibinta a Barmingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera.

Kada a zaci da zuwanta baka ya faɗi. A 1823 Baturen nan Denham ya bi Larabawan Bu Kalum masu bindigogi zuwa Musfaya, wajen duwatsun Mandara, ya gani da idonsa yadda Fulani masu kibau da dafi suka tarwatsa su. Bu Kalum kansa kibiya ce ajalinsa, Denham kuwa da ƙyar ya tsira da ransa. Dalili a fili ya ke: kafin ɗan bindiga ya gama ɗuri ɗaya, ɗan baka ya saki kibiya biyar ko fi.

Ƙasar Gumel ta san wannan zamani sani na wanda ya ji a jika. Masarautar Mangawa ce, an kafa ta wajen 1750, ta bi Barno, ba ta taɓa karɓar tutar Sakkwato ba. Wajen 1845 aka tashi daga Tumbi, wadda yanzu ta ke hayin iyaka cikin Nijar, aka komo Gumel. Maƙwabcinta na arewa kuwa shi ne Damagaram, inda Sarki Tanimu (1851 zuwa 1884) ya tara makaman da babu kamarsu a wannan yanki. Masana tarihi sun rubuta yana da bindiga wajen 6,000 da igwa 40, a Zinder a ke yi masa albarushi, maƙeran garin kuma su ke zuba masa igwa. Mutanen Gumel suna kan hanyar rundunan nan in ta nufo kudu, sun kuwa sha hare-harenta har garuruwa suka watse. A 1898 Ahmadu Kuran Daga ya kai yaƙi har Gezawa, ba nisa da Kano. Shekara guda bayan wannan, a watan Yuli 1899, Faransawa da 'yan sojan da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa suka fatattaki rundunar Damagaram a Tirmini, suka shiga Zinder.

Me ya sa dubban bindigogi suka kasa? Iri ne ya bambanta. Tun 1890 manyan ƙasashen Turai suka taru a Burasal suka ƙulla yarjejeniya cewa a tsakiyar Afirka kada a sayar wa 'yan ƙasa sai bindiga mai ƙanƙara da baƙin albarushi na kasuwa, masu ɗuri ta baya kuwa sai gwamnatocinsu. Sun ce don kashe cinikin bayi ne. Ko ma mene ne nufinsu, abin da ya auku shi ne sun riƙe sabuwa sun bar mana tsohuwa. Da bindiga mai ruwa da igwa aka ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, da soja da ba su kai 1,000 ba. A cikin shekarar Sarkin Gumel Ahmadu ya bi Ingilishi ba a yi yaƙi ba. Haɗejiya da ta tsaya a 1906 ta rasa sarkinta Muhammadu da jarumawa masu yawa a yini guda. Rabon nan na Burasal, talaka da adaka, hukuma da mai ci da yawa, shi ne har yau ƙashin bayan dokarmu.

INA BAMBANCIN?

Adaka ta baki a ke ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma a danna da sanda, a zuba ƙwayoyin darma ko guntayen ƙarfe, a sake toshewa. A ta dā, in an ja kunama ƙanƙara ce ke bugun ƙarfe tartsatsi ya kama. Daga baya aka sami mai 'yar hular tagulla, wadda asalinta dabarar wani limamin coci ne na Sikotilan, Forsyth, a 1807. Mai hanzari ya kan ci kusan minti guda kafin ya sake shiri, kuma in ya harba hayaƙi ya kan rufe masa ido har bai san ko ya samu ba. Ba banza aka sa mata suna harba-ka-ruga ba. In damina ta yi, albarushi ya ji raɓa, sai ta zama sanda.

Abu uku Turawa suka sake cikin ƙarni na 19. Suka haɗa albarushi da darma da hula cikin kwanso guda, a karya bindiga a sa ta baya. Cikin masu ɗuri ta baya akwai Martini-Henry wadda sojan Ingila suka ɗauka a 1871. Suka yi wa cikin bututu zane mai murɗiya don harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak. Sa'an nan a 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi mai ƙarfin gaske.

A nan akwai abin da mutane kan rikita. Bindigar zamani ta farauta iri biyu ce. Akwai mai zanen nan a ciki, mai harsashi guda, wadda ke kai wa ɗaruruwan yadi, ta manyan namun daji irin su ɓauna da gwanki. Wannan tun dā ma a hannun Razdan da Di'o da 'yan tsirarun manya ta ke, samun harsashinta kuwa aiki ne. Akwai kuma mai sulɓin ciki, mai watsa ƙwayoyi, mai baki ɗaya ko biyu, galibi lamba 12. In ka ji mutumin Maigatari ya ce ya sami ta Turai, kusan kullum wannan ya ke nufi. Ga abin da samari ba su son ji: wajen nisa ba ta fi adaka mai kyau da wani abin kirki ba, duka biyu in an wuce yadi 40 ko 50 sai sa'a. Fifikonta shi ne saurin ɗuri, da rashin tsoron raɓa, da kuma cewa kowane harbi daidai ya ke da na bayansa, ba yau ka cika awo gobe ka rage ba.

Dattawa kuwa su na da hujjojinsu, ba kuwa na banza ba. Adaka ba ta jiran kanti. In ta lalace maƙeri na nan bakin kasuwa, in ƙota ta tsage masassaƙi ya yi wata. Kuɗin kwanso guda na Turai ya isa ɗuri da dama na albarushi, wanda kuwa zai harbi zomo ko fakara tilas ya yi lissafi, kada kuɗin harbi ya fi kuɗin nama. Bayan wannan akwai abin da ba ya shiga lissafi. Bindigar da ta sha layu da guraye a ƙota, wadda uba ya gada wurin kaka, ba ka iya gaya wa mai ita cewa ƙarfe ne da itace kawai.

Aibinta babba ɗaya ne, amma ya isa. Bututun da maƙeri ke samu ba don wuta aka yi shi ba. Wani na famfon ruwa ne, mai ɗinki a tsawonsa; wanda ya fi dama shi ne na sitiyarin tsohuwar mota. Ba wanda ya gwada iyakar ƙarfinsa sai ranar da ya fashe, hannun hagu kuwa a nan ya ke riƙe. A Turai tun tuni suka ga wannan, suka kafa gidajen gwaji: na Landan tun 1637, na Liyej 1672, na Barmingam 1813. Kowace bindiga sai an kai ta can an ɗura mata fiye da abin da za ta ci a aiki, in ta jure a buga mata hatimi a gindin bututu, sa'an nan doka ta yarda a sayar. A ganina hatimin nan shi ne ainihin abin da mutum ke saye in ya sayi ta Turai. Ƙyalli da sassaƙar ƙota duk ado ne.

KASUWAR TA HANNU

Daga ina su ke fitowa? Waɗansu tun na kantunan kamfanonin Turawa ne, irin su U.A.C. da John Holt, sa'ad da su ke sayar da bindiga da albarushi ga mai takarda. Waɗansu na ma'aikatan Turawa ne da suka tashi wajen 1960, suka sayar ko suka bar wa akawu ko kuku ko hakimin da suka shaƙu da shi. A kansu za ka ga sunaye irin su Greener, da B.S.A., da Webley & Scott, duk na Barmingam. Ta wajen Damagaram kuwa na Faransa ne, Simplex mai baki ɗaya da Robust mai baki biyu, ƙirar kamfanin Manufrance na birnin Santetiyen, wanda ya rufe masana'antarsa a 1985. Daga baya Baikal ta Rasha ta cika Afirka ta Yamma, ba kyau amma ga ƙwari kamar jaki. A 'yan shekarun nan kuma ƙirar Turkiyya ce ke shigowa.

A Ingila tsufa kan ƙara wa bindiga daraja. Ƙirar gidan Purdey na Landan, wanda aka kafa a 1814, in ta shekara ɗari a kan yi gwanjonta da kuɗin da ya isa sayen mota, don da hannu aka yi ta, ga littafin kamfani da ya nuna ranar da aka gama ta da wanda ya fara saye. A wajenmu ba haka ba ne. Abin da ke yanke kuɗi uku ne: lafiyarta, da ko harsashinta na samuwa, da takardunta. Bindigar da ba a ƙara yin kayan gyaranta, ran da ɗan ƙarfen da ke bugun hula ya karye ta koma hannun maƙerin nan dai da aka raina.

Ba a cinikin biri a sama. Wanda ya cika sharuɗɗan doka ya zo saye, ya karya bindiga ya ɗaga bututu wajen haske. In ya ga ramuka kamar zanzana, tsatsa ta ci ta. Albarushin dā da hular dā su na barin gishiri mai jawo laima, da yawa kuwa an rataye su shekaru ba a goge ba. Ya shafa bayan bututu da yatsa a hankali, in ya ji kumburi ko lotsawa ya ajiye ta, domin alama ce an taɓa harbawa bakin na toshe da ƙasa ko gidan zanzaro. Ya rufe ta ya girgiza. In ta yi ƙwal-ƙwal a mahaɗa, ta saki. Ya duba wuyan ƙota ko akwai tsaga da aka ɓoye da fata ko waya. Masu talla sun san baƙin fenti da sabuwar ƙota na rufe shekara hamsin.

Akwai haɗari guda wanda ido ba ya gani, shi ya fi kamata malamai su bayyana wa jama'a, don a rubuce ya ke da lambobi. Ɗakin harsashi na tsofaffin bindigogin Ingila da Faransa gajere ne, milimita 65, watau inci biyu da rabi. Harsashin da a ke sayarwa yanzu galibi na milimita 70 ne, akwai ma na 76. Dogon ya kan shiga gajeren ɗaki lafiya lau, bindiga ta rufu, domin tsawon da a ke faɗi na kwanso ne bayan ya buɗe. Sai an harba bakin kwanso ya rasa wurin buɗewa sosai, matsi ya ƙaru a cikin ƙarfen da ya riga ya tsufa. Tsawon na nan a buge a gindin bututu tare da hatimi, na harsashi kuma a jikin kwalinsa. Haka kuma bindigar da bututunta ke da zane kamar igiyar ruwa, wadda aka yi da murɗaɗɗen ƙarfe, ta zamanin baƙin albarushi ce. Sa mata harsashin yanzu neman rigima ne. In kuwa ka ga an goge lambar bindiga da magagari, kada ma ka taya. Araha ba ta ado.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Bindigogi ta 1959 ita ke aiki har yanzu, ta kasa su kashi uku. Kashi na fari haramtattu: igwa, da masu sarrafa kansu, da bindigogin soja, da ƙananan nan na aljihu. Waɗannan sai da lasin daga Shugaban Ƙasa. Kashi na biyu na farauta, mai baki ɗaya da mai baki biyu da mai harsashi guda wadda ba ta soja ba, lasinsu na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Kashi na uku masu ɗuri ta baki, watau adaka da 'yan'uwanta. A zamanin En'e, kafin a soke ta a 1976, a ofishinta a ke yankar musu takarda, yanzu kuwa al'amarinsu na hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha tare da shawarar Gwamna. A lura, bindigar nan da a ke zuge hannunta gaba da baya ta ɗura kanta, ko da ya ke harsashin tsuntsaye ta ke ci, doka ta fid da ita daga kashi na biyu, ta faɗa cikin haramtattu. Mutane da yawa sun saya ba su san haka ba, sai a 2018 da Sufeto Janar Ibrahim Idris ya ba da umurni a tattaro su.

Ba a ba da lasin ga wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda aka ɗaure kan laifin ta da hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Lasin kuwa na mutum ne da bindiga guda mai lamba kaza, ba ya bin bindiga zuwa hannun wani. Mai sayarwa ba shi da iko ya miƙa ta sai mai saye ya nuna nasa lasin, kuma ba mai yin sana'ar saye da sayarwa sai wanda aka yi wa rajista. Hukuncin riƙe haramtacciya ɗaurin shekara 10 ne mafi ƙaranci, ta kashi na biyu ba lasin ya kan kai shekara 5. A watan Agusta 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ba da sanarwar dakatar da ba da sabon lasin saboda yawan makamai a ƙasa. Don haka mai niyya ya fara zuwa hedkwatar 'yan sanda a Dutse ya ji matsayin takardarsa kafin ya kwance bakin aljihu.

Inda mutanen kirki suka fi faɗawa rami shi ne gado. A ce wani tsohon hedimasta ya rasu a Gumel, ya bar gida da gona da mai baki biyu a bayan ƙofa, da lasinsa cikin adaka ta tufafi, an sabunta shi shekara da shekaru. Aka zo rabo, aka yi wa bindiga kuɗi, ta faɗa rabon babban ɗa. Shi a ganinsa halalinsa ce, ga shaidu, ga takardar baba. A wajen doka kuwa kwana 14 kaɗai ya ke da su bayan rasuwar. In sun wuce bai kai ta ga 'yan sanda an ajiye ba, ko bai sami lasin da sunansa ba, shi da ɓarawon da ya sato ta sunan laifinsu ɗaya. Kwana 14 kuwa ko sadakar arba'in ba a yi ba, wa ke tunawa da abin da ke rataye bayan ƙofa? Haka wanda ya karɓi bindiga jingina don ya ba da rancen kuɗin taki. Wanda duk a ke kira rubuta rabon gado ya kamata ya fara tambaya ko akwai bindiga a gidan.

Waɗansu kuma na zaton tun da aka kafa yankin ciniki marar haraji a Maigatari, zamanin Gwamna Saminu Turaki, kome na iya shiga. Dokar irin waɗannan yankuna ta 1992 ta ambaci bindiga da harsashi da sunansu cikin kayan da ba a shiga da su, sai jami'an tsaro da wanda hukumar ta yarje wa. Ƙetare iyaka da bindiga kuma, ko da ta kakanka ce kuma gonarku ce a hayi, shigo da makami ne. Iyakan nan da Tilho Bafaranshe da O'Shee Bature suka kafa wa turaku tsakanin 1906 da 1908 ta raba dangi, amma lasin Nijeriya ba ya aiki a Dungas ko Magarya, na can ma ba ya aiki a nan. Ƙasashen Afirka ta Yamma sun ƙara ɗaure wannan da yarjejeniyar ƙananan makamai da suka sa wa hannu a Abuja a watan Yuni 2006.

BAƘUWAR DA TA ƁATA KASUWA

Duk gardamar adaka da mai baki biyu ta zama wasan yara in aka kawo ta uku. Kalashnikov ta Rasha, ƙirar 1947, tana cin harsashi 30 a ɗuri guda, tana kashewa a nisan mita 300, ba ta kuma damu da yashi ko rashin mai ba. Ba a yi ta don barewa ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 rumbunan makaman Libiya suka buɗe, kaya suka biyo tsohuwar hanyar nan ta hamada wadda ta kawo wa Tanimu nasa. Ta teku ma ba a zauna ba: a watan Janairu 2017 Kwastan suka kama masu zugewa 661 a Ikko, a watan Satumba suka kama 1,100 da aka yi lodinsu a Turkiyya, a 2024 kuma aka kama 844 da harsashi 112,500 a tashar Onne ta Jihar Ribas.

Wannan ya juya kasuwar ta hannu. Dā mai neman tsohuwar bindiga nama ya ke so, ko korar birai daga gona. Yanzu da yawa tsoro ke kawo su, makiyayi mai gudun ɓarayin shanu, da ɗan kasuwa mai komowa daga Maigatari da kuɗin raƙumi a jiki. A watan Yuni 2022 har Gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ce wa jama'arsa su nemi lasin su kare kansu, Babban Hafsan Tsaro ya ce ba shi da ikon faɗin haka. In masu saye sun yi yawa, ƙofar lasin kuwa ta ƙuntata, ba sai an gaya maka inda ciniki zai koma ba, da kuma irin ruɓaɓɓun da za a fito da su daga ƙarƙashin gado a shafa musu fenti.

Maharbi na gaskiya shi ya shiga tsaka mai wuya. Ran da aka matsu a kan neme shi. A watan Nuwamba 2014 maharban Adamawa da adakarsu suna cikin waɗanda suka taimaki soja aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram. Ran da hankali ya tashi kuwa, ba mai tsayawa ya bambance bindigar toka da ta ɗan fashi. A ƙarshen watan Maris 2025 waɗansu mafarauta suka taso daga Jihar Ribas za su gida Kano yin Salla, 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta Jihar Edo, aka ga adaka cikin kayansu, taron jama'a ya far musu, aka kashe mutum 16. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, in ji masu magana. Waɗanda suka cika ƙasa da makaman yaƙi su na can, mai harba-ka-ruga ne ya biya. Daga ƙasar Gumel ma samari kan tafi farautar rani nesa da gida, tun da dajin nan ya ƙare. Duk Sarkin Bakan da zai sallami yaransa ya kamata ya ga takardar kowace bindiga da idonsa, ya kuma sanar da 'yan sanda hanyar da za su bi.

Dajin kuwa lalle ya ƙare. Farin 1972 zuwa 1974 ya yi nasa, gatari ya yi nasa, gonakin riɗi da zoɓo sun cinye saura. Barewa da tuje da tsofaffi ke ba da labari sai a yi shekara ba a ga ɗaya ba. Abin da ya rage zomo ne da zabon daji da fakara da kurciya. Agwagin ruwa da ke sauka fadamun Baturiya ta ƙasar Haɗejiya da hunturu a keɓaɓɓen wuri su ke, Dokar Namun Daji kuma tun 1963 ta hana taɓa waɗansu dabbobi sai da izini. Wanda zai sayar da sa ya sayi mai harsashi guda don farauta a wannan yanki, sai a tambaye shi me zai harba.

Wuri guda ne adaka ba ta da kishiya. Ranar hawan Salla a Gumel, in Sarki ya fito, 'yan bindiga na gaba da dogayen bindigoginsu, albarushi zalla su ke ɗurawa ba darma. Su ɗaga baki sama su saki, ƙasa ta amsa, dawaki su zabura, farin hayaƙi ya tashi ya rufe ƙofar fada har sai an daɗe kafin a hangi laima. Mai baki biyu ba ta iya wannan aiki, don albarushinta ba ya hayaƙi. Saboda haka duk shekara in azumi ya raba tsakiya za ka tarad da su a maƙera, ana goge musu bututu, ana sake musu ƙota.